Tsara Farfajiyar Gida da Lambu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu son gyara farfajiyar gidansu, ko sabon gini ne da magina suka bari da ɓaraguzai, ko tsohon gida da ake so a sauya masa fuska. An faro daga na farko-farko zuwa masu zurfi, kuma inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna.

Fili ne kawai a gabana. Daga ina zan fara?

Daga awo da kallo. Samu takarda da tef na awo, ka zana filin yadda santimita 1 a takarda zai tsaya a madadin mita 1 a ƙasa. Ka sa duk abin da ba zai motsa ba: jikin gini, ƙofofi da tagogi, katanga, famfo, bakin indararo, ramin sokawe, da wayar lantarkin da ta ratsa ta sama. Idan ba ka san inda bututu da wayoyin ƙarƙashin ƙasa suka bi ba, tambayi wanda ya yi aikin ko hukumar da ke kula da su kafin diga ta taɓa ƙasa.

Sai kallo. Ka fita da hantsi, da tsakar rana, da la'asar, kana sa alama a zanen inda inuwa take a kowane lokaci. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka leƙa yana cikin zuba, ka ga ta ina yake gudu, a ina yake kwanciya. Wannan kallon ya fi maka shawarar mai sayar da shuka amfani, domin shi bai taɓa ganin filinka ba.

Daga nan ka rubuta abin da mutanen gidan suke yi a waje: ajiye mota, shanya, wasan yara, zama da baƙi, ajiye shara. Kowanne a ba shi wurinsa a takarda tukuna, abin da ya rage shi ne na shuka. Sau da yawa furen da ya mutu da wuri, za ka tarar a kan hanyar da ƙafa ta saba bi aka dasa shi.

Wane aiki ne gaba, wane ne baya?

Mai nauyi da mai tona ƙasa shi ne gaba: kwashe ɓaraguzai, daidaita gangara da magudanar ruwa, binne bututu da wayar fitilu, sannan katanga, daɓe, hanyoyi da rumfa. Bayansu gyaran ƙasa da dashe, ciyawa kuma a ƙarshe. Idan aka juya tsarin, baro da motar yashi za su bi ta kan abin da ka dasa.

Idan kuɗi bai kai a yi duka lokaci ɗaya ba, a raba aikin shekara-shekara, amma abu biyu kada su jira: hanyar ruwa da bishiya. Ruwa yana ɓata gini, bishiya kuwa shekaru take ci kafin ta ba da inuwa. Ka dasa ta inda aiki ba zai bi ba, ka kewaye ta. Kafin a zuba daɓen hanya kuma, a kwantar da fankon bututu mai faɗin santimita 10 a ƙarƙashinsa daga gefe zuwa gefe, a toshe bakinsa. Ranar da za ka ja ruwa ko wuta zuwa ɗaya ɓangaren, ba sai an fasa komai ba.

Me ake nufi da shuka mai son rana da mai son inuwa?

Lissafin awa ne. Wurin da rana take bugawa kai tsaye awa 6 ko fiye a yini, shi ne wurin rana sosai. Awa 3 zuwa 6 rabi-da-rabi ne, ƙasa da awa 3 kuma inuwa. Mafi yawan shuke-shuken da ake so don furensu ko 'ya'yansu suna cikin rukunin farko. Sai dai awa ba ɗaya ba ce: ranar safe tana da laushi, ta yamma tana da ƙuna, kuma bangon da ke fuskantar yamma yana riƙe zafi har bayan faɗuwar rana.

A rabin duniya na arewa, rana tana karkata kudu, musamman lokacin sanyi, don haka gefen kudu na gida ya fi samun haske. A rabin kudu akasin haka ne. Kusa da layin da ya raba duniya gida biyun nan kuwa rana tana bi ta tsakar ka, tana ɗan gusawa arewa da kudu cikin shekara, sai ya zama bambancin gabas da yamma ne ya fi muhimmanci.

Yaya zan gane irin ƙasata ba tare da kai ta ɗakin gwaji ba?

Jiƙa ƙasa kaɗan ka dunƙule a tafin hannu. Idan ta wargaje tana garas-garas, yashi ya rinjaya. Idan tana da danƙo har ta murɗu ta yi tsawo ba ta karye ba, yumɓu ne. Wadda ta dunƙulu amma ta fashe da an danna ta, ita ce tsaka-tsakin da kowa ke nema. Don ƙarin tabbaci, zuba ƙasa zuwa sulusin kwalba mai haske, cika da ruwa, ɗiga sabulun ruwa kaɗan, girgiza sosai ka ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, lallausar turɓaya cikin kamar awa biyu, yumɓu sai ya kwana ɗaya ko biyu. Kaurin kowane layi zai nuna maka rabonsa.

Gwajin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne na shan ruwa. Haƙa rami mai zurfin santimita 30 da faɗin haka, cika shi da ruwa ka bar shi ya tsotse, sannan ka sake cikawa ka auna. Idan ruwan yana sauka santimita 2.5 zuwa 7 a awa, madalla. Idan ya ɓace cikin mintoci, ƙasar ba ta riƙe ruwa. Idan har washegari yana nan, saiwa za ta ruɓe a wurin, sai ka duba amsar kwanciyar ruwa kafin ka dasa komai.

Ma'aunin pH yana nuna ko ƙasa ta karkata ga tsami ko ga kanwa. Mafi yawan shuke-shuke sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Gindin sabon gini, inda aka kwaɓa siminti aka binne gutsattsarin bulo, yakan haura 7, wato ya karkata ga kanwa, kuma wannan yana bayyana a ganye, kamar yadda aka yi bayani a amsar ganye mai rawaya.

Ƙasata yumɓu ce. In zuba mata yashi ta yi laushi?

A'a. 'Yan baro na yashi a cikin yumɓu ba sa buɗe shi, ƙwayoyin yumɓun ne suke cike ratar da ke tsakanin yashin, ƙasar ta ƙara tauri. Kafin yashi ya yi tasiri sai ya kai kusan rabin ƙasar, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Maganin yumɓu da na yashi ɗaya ne: ruɓaɓɓen taki. Yana buɗe yumɓu iska ta shiga, yana kuma sa yashi ya riƙe ruwa. Baza santimita 5 zuwa 8 a sama, ka cakuɗa shi da santimita 20 na saman ƙasar, ka riƙa ƙarawa duk shekara. Kada ka taka ko ka tona yumɓu yana jiƙe sharkaf, domin idan ya bushe zai dunƙule.

Ɗanyen kashin dabba, musamman na kaji, yana ƙona saiwa, yana kuma zuwa da irin ciyawa. A bar shi watanni har warinsa ya koma ƙanshin ƙasa. Wanda zai haɗa takinsa a gida ya tara busasshen ganye kashi 2 ko 3 da ɗanyen ganye kashi 1, tarin ya kai kamar mita 1 ta kowane gefe, ya kasance da danshi ba jiƙewa ba, a riƙa juya shi. Irin wannan tarin yakan yi zafin digiri 55 zuwa 65 a tsakiyarsa, zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa.

Ruwa yana kwanciya a gindin gini idan an yi ruwan sama. Me zan yi?

Wannan shi ne abin da ba a ɗaga masa ƙafa. Ƙa'idar da magina suke bi ita ce ƙasa ta gangara daga jikin gini da santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Daɓe kuma ya gangara da santimita 2 a kowace mita. Ruwan indararo a ja shi da bututu ko kwata ya yi nisan aƙalla mita 1.5 zuwa 2 kafin ya zuba. Kada a tara ƙasar shuka a jikin bango har ta kai tsayin daɓen ɗaki, a bar tazarar santimita 15 ko fiye, in ba haka ba danshi zai hau bango, fenti ya riƙa ɓarewa.

Ka san yawan ruwan da kake fama da shi: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufi mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 20, ya zubo lita 2,000. Dole ka tanadar masa wurin zuwa. Ko tanki, ko dogon rami da aka cika da tsakuwa da bututu mai huji-huji a ciki, ko ɗan kwari mai zurfin santimita 10 zuwa 20 da aka dasa masa shuke-shuke masu jure jiƙewa, nesa da gini da aƙalla mita 3, wanda zai shanye ruwan cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da bai dace ba shi ne a karkata shi gidan maƙwabci.

Ba zai fi sauƙi in daɓe ko'ina da siminti in huta ba?

Za ka huta da shara da cire ciyawa, amma za ka biya ta wata hanya. Siminti yana shan zafin rana yini guda, ya riƙa sakinsa da dare a daidai lokacin da ake neman iska. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa fuskar da ke cikin inuwa tana iya kasa wadda rana ke bugawa zafi da digiri 11 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyas. Ga kuma ruwa: duk ɗigon da ƙasa za ta sha, yanzu sai ya nemi hanyar fita.

A ganina, a daɓe inda ƙafa da taya suke bi, a bar sauran ya yi numfashi. Intalok da aka jera a kan yashi yana barin ruwa ya ɗan ratsa, kuma ana iya ɗaga shi a gyara bututu a mayar. Tsakuwa ma tana aiki a wuraren da ba a yawan bi. Idan akwai bishiya a tsakiyar daɓe, a bar mata buɗaɗɗiyar ƙasa ta aƙalla mita 2 ta kowane gefe. Ɗan zoben da ake bari daidai kaurin gindinta shaƙe ta yake yi, daga baya kuma saiwa ta ɗaga daɓen.

Nawa ya kamata faɗin hanya da wurin zama ya zama?

Hanyar mutum ɗaya santimita 60, wadda baro ko keken guragu zai bi santimita 90 zuwa sama, wadda mutum biyu za su jera santimita 120. Gangaren keken guragu kada ya wuce hawan santimita 1 a kowane santimita 12 na tsawo. Teburin mutum huɗu da kujerunsa yana son fili kamar mita 3 sau 3, mota kuma mita 3 sau 5.5 idan ana so a buɗe ƙofa a sake. Fangalin shuka da ake isa ta gefe biyu kada ya wuce santimita 120, na jikin bango santimita 60, don hannu ya kai ba sai an taka ba.

Matakala tana da tsohon lissafi da masanin gine-gine na Faransa François Blondel ya fitar a ƙarni na 17: ninki biyu na tsayin taki, a haɗa da faɗin wurin sa ƙafa, ya ba da kusan santimita 63 zuwa 65. Tsayi 15 da faɗi 34 ya yi daidai a waje. Kafin a kira birkila, shimfiɗa igiya a ƙasa a kan layin da ka zana, ka yi mako kana bi. Ƙafarka za ta gaya maka inda zanen ya kuskure.

Wace bishiya zan dasa, kuma nisan nawa daga gini?

Tambayar da za ka yi wa kowace bishiya ita ce: yaya girmanta zai zama nan da shekara 20? Abin da ke cikin leda yau, gobe shi ne zai rufe taga ko ya taɓo waya. A matsayin ma'aunin farko, ƙananan bishiyoyi irin su rumman, gwaiba da lemun tsami su yi nisan mita 3 daga bango, matsakaita mita 5 zuwa 6, manya irin su mangwaro da darbejiya mita 8 zuwa 10. Dangin ɓaure, wato ceɗiya, durumi da gamji, da kuma turare, saiwarsu tana da ƙarfi da nisan tafiya, ba na ƙaramar farfajiya ba ne. A ƙasashen sanyi, bishiyoyin wilo da fofla suna da wannan halin.

Mutane suna zaton saiwa ƙasa take nutsawa. Mafi yawanta tana cikin santimita 60 na sama, tana bazuwa gefe har ninki biyu ko uku na faɗin rassan. Ba kasafai take fasa lafiyayyen bututu ba, inda ke yoyo take samu ta shiga ta toshe, shi ya sa ake nesanta bishiya da sokawe. A ƙasar yumɓu akwai ƙarin haɗari: bishiya tana tsotse ruwan da ke ƙarƙashin tushen gini lokacin rani, yumɓun ya tsuke, bango ya tsage. A irin wannan ƙasar a ƙara nisan.

Wurin da bishiya ta fi amfani shi ne yamma da gida, inda za ta tare ranar la'asar. Inda ake sanyi mai tsanani, mai zubar da ganye ta fi dacewa a gefen rana, ta ba da inuwa da zafi, ta bar haske ya shigo da sanyi. Idan 'ya'ya kake so, nemi mai aure, tana saurin haihuwa fiye da ta ƙwallo, kuma ka san irin da za ta ba ka.

Yaya ake dasa bishiya ta kama?

Rami mai faɗi, ba mai zurfi ba. Faɗinsa ya ninka dunƙulen saiwar sau 2 ko 3, zurfinsa kuma daidai da tsayin dunƙulen. Wurin da gindi ya fara buɗewa zuwa saiwa ya kasance a fuskar ƙasa ana ganinsa. Binne wuyan bishiya yana daga cikin abubuwan da ke kashe ta a hankali, bayan shekaru, har a rasa dalili. Cire ledar gaba ɗaya. Idan saiwa ta nannaɗe tana zagaye, warware ta ko ka yanke wadda ta kewaye. Mayar da ƙasar da ka haƙo, kada ka cika ramin da zallan taki, domin saiwa za ta zauna a cikinsa ta ƙi fita.

Danna ƙasar da hannu, yi mata ɗan zobe na riƙe ruwa, ka ba ta ruwa sosai. Turke sai inda iska ke da ƙarfi, a ɗaure sako-sako yadda za ta ɗan yi motsi, a kwance bayan shekara guda. Lokacin da ya fi shi ne farkon damina, ko farkon lokaci mai sanyi-sanyi, kuma da yamma. Yawan ruwan da za ta buƙata yana cikin amsar ban-ruwa.

Na sayi furanni iri-iri, amma wurin ya zama tarkace. Me ya ɓace?

Maimaici ne ya ɓace. Iri 20, kowanne ƙwaya ɗaya, ido ba ya samun wurin sauka. Zaɓi iri 5 ko 6, ka dasa kowanne a rukuni na uku ko biyar, ka maimaita rukunin a wurare daban-daban. Dogaye a baya, matsakaita a tsakiya, masu rarrafe a gaba. Ka fi ba ganye muhimmanci a kan fure, domin fure na 'yan makonni ne, ganye kuwa yana nan yawancin shekara: mai faɗi kusa da siriri, mai duhu kusa da mai haske. Tazarar dashe kuma a auna ta da faɗin da shukar za ta kai idan ta girma. Shekarar farko wurin zai yi kamar fanko, haƙuri ake yi.

Kowane sashe ya sami abu ɗaya da ido zai fara sauka a kai, bishiya ce, benci ne, ko babbar tukunya, kuma a sa shi inda za a hango daga tagar da aka fi zama. Tsofaffin salon lambu duk a kan tsari suka tsayu kafin shuka. Lambun Farisa ya raba fili gida huɗu da hanyoyi ko magudanan ruwa, kamar yadda ake gani a Taj Mahal, kuma wannan rabon yana zama daram a fili mai kusurwa huɗu komai ƙanƙantarsa. Masu lambun Japan kuma suna buɗe wa ido hanya zuwa dutse ko bishiyar da ke wajen katanga, ta zama kamar tana cikin lambun.

Ina son koriyar ciyawa shimfiɗe. Zan iya?

Za ka iya, amma ka san nauyinta. Lokacin girma tana shan kusan milimita 25 na ruwa a mako, wato lita 25 a kowane murabba'in mita. Fili mai murabba'in mita 100 lita 2,500 ke nan duk mako idan ba a ruwan sama, ban da aski da taki. Ba a yanke fiye da sulusin tsayinta a aski ɗaya. Masu jure zafi irin su kiri-kiri suna son rana sosai, ba sa yi a ƙarƙashin bishiya.

Shawarata ita ce a yi ta daidai inda za a zauna ko yara za su yi wasa, sauran wurin a ba shuke-shuke masu rarrafe ko tsakuwa. Ciyawar roba ba ta shan ruwa, amma a rana tana zafin da ba a iya taka ta ba takalmi.

Sau nawa zan yi ban-ruwa?

Ƙasa za ka tambaya. Tura yatsa santimita 5, idan da danshi ka bari, idan a bushe ka ba da. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi yayyafi kullum, domin yayyafi yana tsayar da saiwa a sama inda rana ke ƙona ta. Sassafe ya fi, kafin zafi da iska su kwashe rabonsu, kuma a gindi ake zubawa. Sabuwar bishiya tana son ruwa kullum a mako ɗaya ko biyu na farko, sannan bayan kwana 2 ko 3 har wata uku, daga nan mako-mako har ta kafu.

Bututun ɗigo yana kai kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan ga saiwa, abin da na feshi ba ya kaiwa. Amma ko da bokiti kake yi, babbar dabara ita ce a haɗa masu ƙishi wuri ɗaya kusa da famfo, masu juriya kuma can nesa. Ka lura, shukar da ruwa ya yi wa yawa ma tana yaushi, domin saiwarta ta rasa iska. Kafin ka ƙara mata, taɓa ƙasar.

Inda nake ruwa yana wuya. Lambu zai yiwu?

Ƙwarai. A farkon shekarun 1990 Beth Chatto ta mayar da tsohon wurin ajiye motoci a Essex, ɗaya daga cikin yankunan Ingila mafi ƙarancin ruwan sama, lambun tsakuwa da ba a yi masa ban-ruwa, ta hanyar zaɓen shuke-shuken da asalinsu na busasshiyar ƙasa ne. Hukumar ruwa ta birnin Denver a Amurka ma tun 1981 take yaɗa irin wannan tsari. Tushensa ɗaya ne: shuka ta dace da wurin. Duba abin da ke tsirowa da kansa a yankinku, da masu ganye mai kauri, ko ƙanana, ko masu launin toka. Su ma suna buƙatar ruwa a shekarar farko kafin su kafu.

Akwai tsohuwar dabarar binne tulun ƙasa marar fenti har wuya a tsakiyar shuke-shuke, a cika shi da ruwa a rufe bakinsa, ruwan ya riƙa tsatsowa daidai yadda ƙasar ta bushe. Ruwan wanka da na ɗaurayar kaya yana yi wa bishiyoyi, in dai babu bilic ko gishiri mai yawa, kuma a yi amfani da shi a ranar, kada ya kwana. Lissafin ruwan rufi yana cikin amsar kwanciyar ruwa.

Ana cewa a lulluɓe ƙasa da busasshen ganye. Ba zai jawo gara ba?

Lulluɓin busasshen ganye, ɓawon itace ko kara mai kaurin santimita 5 zuwa 8 yana rage ƙafewar ruwa, yana hana ciyawa tsirowa, yana sanyaya saiwa, sannan ya ruɓe ya zama taki. Kaɗan ne cikin ayyukan lambu suke biya kamarsa. Gara danshi da itace take bi, don haka a bar tazarar santimita 30 ko fiye tsakaninsa da bango, a sa tsakuwa a wannan ratar yadda za a ga hanyar gara idan ta taso. A kuma janye shi tafin hannu ɗaya daga gindin bishiya, don kada ɓawonta ya ruɓe.

Filina ƙarami ne, ko kuma gidan haya nake. Me zan iya yi?

Yi sama. Bango da rumfa suna ɗaukar masu yaɗo ba tare da cin fili ba. Manyan tukwane uku sun fi ƙanana goma sha biyar kyau, kuma sun fi riƙe danshi. Kowace tukunya dole ta sami huji a ƙasa. Tsakuwar da ake zubawa a gindinta ba ta taimaka wa ruwa fita, matsar da jiƙaƙƙen sashen take yi sama kusa da saiwa. Zallan ƙasar fili tana dunƙulewa a tukunya, a haɗa ta da ruɓaɓɓen taki da abin da zai sa ta saki. Mai ɗora tukwane a bene ko baranda ya tuna jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi ƙwarai, ya tabbatar ginin zai ɗauka.

Shingen shuka ko katanga?

Katanga tana ba da sirri nan take. Shinge yana ɗaukar shekara 2 zuwa 4, yana son aski, amma yana tace ƙura, yana rage ƙarfin iska maimakon ya sa ta tsallako ta yi juyi kamar yadda bango ke yi. A aske shi gindi ya fi sama faɗi kaɗan, don haske ya kai ƙasa, in ba haka ba zai zube ganyen ƙasa ya bar ƙafafu tsirara. Sau da yawa ba dukan iyaka ke buƙatar rufi ba, taga ɗaya ce ke hango ka, kuma bishiya ɗaya a daidai layin ta wadatar. A tabbatar da iyaka da dokar tsayin shinge ta wurin kafin a dasa.

Akwai yara a gidan. Me zan kiyaye?

Ruwa ne farko. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai wuce 'yan santimita ba, don haka tanki, rijiya da kududdufin ado a rufe su da murfi mai ƙarfi ko a kewaye. Sai shuke-shuke masu guba, waɗanda da yawansu kyawawa ne: oliyanda, zurma, zaƙami, bini-da-zugu da lantana. Lantana ma tana tserewa daga lambu ta mamaye daji a ƙasashe masu zafi. Masu ƙaya a nesanta su da hanya da wurin wasa, magungunan feshi da taki kuma a kulle.

Sauro ba a ganye yake haihuwa ba, a ruwan da ke tsaye ne, kuma daga ƙwai zuwa mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne. Duk mako a zubar da ruwan faifan ƙarƙashin tukwane, tsofaffin tayoyi da indararon da ya toshe.

Ganye ya yi rawaya. Taki zan ƙara?

Duba wane ganye ne tukuna. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya, yawanci ƙarancin naitirojin ne, taki zai taimaka. Idan sababbin ganyen sama ne, jijiyoyinsu kore amma tsakaninsu rawaya, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, kuma galibi yana cikin ƙasar, pH ne ya yi sama ya hana saiwa ɗauka. Idan ko'ina ne kuma ƙasar a jiƙe take kullum, ruwa ne ya yi yawa, taki zai ƙara ɓata lamarin. Lambobi uku na jikin buhun takin zamani suna nuna kason naitirojin, fosfaras da fotasiyam a jere. A zuba shi a ƙasa mai danshi, nesa da gindi, a bi da ruwa.

Yaushe ake datse bishiya, kuma yaya?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: gyaran shekarun farko da almakashi ya fi na baya da zarto. Fara da busassun rassa, masu cuta, da masu gugar juna. Kada a cire fiye da rubu'in ganyen bishiya a shekara guda. A yanka daidai bayan kumburin da ke gindin reshe, ba a shafe shi har jikin kututture ba, ba a kuma bar dungu ba, domin daga wannan kumburin ne bishiya take rufe ciwon. Ba ya buƙatar fenti. Masu fure a datse su bayan sun gama fure.

Reshe mai nauyi yanka uku ake yi masa: ɗan tsagi daga ƙasa kamar santimita 30 daga gindinsa, sai a yanke shi daga sama gaba da tsagin kaɗan, sannan a cire dungun da ya rage. Haka ke hana ɓawo yagewa. Sare kan bishiya gaba ɗaya don rage mata tsayi yana fito da tohon da bai kafu da kyau ba, wanda iska ke karyawa bayan 'yan shekaru. Duk reshen da ke kusa da wayar lantarki, ko wanda sai an hau tsani da zarto, ko bishiyar da ta karkata kan rufi, aikin ƙwararre ne. Haka ma bangon tare ƙasa da ya kai mita 1, injiniya ya kamata ya duba shi kafin a gina.